Shirgin Kawu

Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗin Kawu, bayan baƙi sun watse, taubashina ya jefo mini mabuɗin ɗakin baya ya ce, "Ungo, ɗan lakkwal. Tahi ka gaida gadonka, tunda kai ɗai ka son tarkace cikin zuri'arga." Gadon nasa ne, shi da ƙannensa, ni ɗan ƙanwar mamacin ne kawai. Amma wanda ke da taubashi ya san ba a amsa irin wannan magana da fushi. Na ce masa bawa ba ya aiken ubangijinsa, na ɗauki mabuɗin na tafi.

Ɗakin ƙasa ne, a ƙuryar gidanmu na Allakaye, kusa da rumbu. Shekara huɗu ba a buɗe shi sosai ba. Kawu ya jera tubali, ya ɗora katako saboda gara, sannan ya jibga kayansa a kai ya lulluɓe su da buhunan hatsi da tsofaffin zannuwa. Na yaye ɗaya bayan ɗaya ina tari. Kwamfuta goma sha ɗaya na ƙirga, irin masu akwatin ƙarfe da suka koma launin haƙorin mai cin goro. Allon kallo bakwai masu ƙaton ƙeya. Firinta biyu masu allura. Sai kwali uku cike da katuna, kowanne an naɗe shi da jarida an rubuta sunansa da bik. Duk garin "shirgin Malam" ake kiran waɗannan kaya, kuma ba yabo ba ne.

Bari in ba ku labarin yadda suka taru. Kawu na cikin ƴan ƙalilan na tsaransa da suka kai kwaleji. Ya fito daidai lokacin da ƙasar Adar ta cika da furoje bayan farin 1984. A wannan shekarar aka fara babban aikin Keita, da kuɗin Italiya da hannun FAO, inda iyayenmu mata suka riƙa ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a fako don tsare ruwa, ana biyansu da abinci. Kafin nan ma, tun 1975, CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don kare gonaki daga iska. Furoje kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da motoci, da rediyon oba-oba, da firiji, da na'urar da sai ɗaki mai sanyi take kwana. Kawu ya samu aikin buga takardu a ɗaya daga cikin ƙananan furojen wancan zamani, ya fara da tafireta, aka zo aka zaunar da shi gaban kwamfuta. Da aikin ya ƙare a tsakiyar shekarun 1990 aka yi gwanjon tsofaffin kaya, abokan aikinsa suka yi rububin babur da kujeru. Shi ya zuba kuɗin sallamarsa a kan kwamfutar da firintarta. Inna ta ce ranar kakarmu ta yi kuka, wai an yi wa ɗanta sammu.

Ya buɗe ɗan shago a Buza, inda akwai kuran. Mai neman aiki ya zo a buga masa takardar roƙo, mai aure ya zo a buga masa katin gayya, matar ɗan biɗa ta zo a rubuta wa mijinta wasiƙa zuwa Abijan ko Ikko. Bayan dokar karkara ta 1993 mutane suka fara gane amfanin rubuta cinikin gona, su ma suka riƙa zuwa da shaidunsu. Daga nan ciwon ya kama shi. In ya je Yamai sai ya biya kasuwar Katako, in ya shiga Kano sai ya ɓace wuni guda a Beirut Road, ya dawo da wata matacciyar na'ura a bisa mota, alhali an aike shi ne sayen atamfa. In an ce, "Malam, wagga ai ta mutu," sai ya ce, "Ba ta mutu ba, mai ita ne yag gaji." Wasu ya tada su, wasu ya kwashe kayan cikinsu ya ajiye. Da waya ta zo ta kashe kasuwar wasiƙa, sannan ciwon suga ya ci idonsa, ya rufe shagon, ya yi hayar mota ya kwaso komai ya dawo gida.

Taubashina ya riga ya yi magana da ƴan gwangwan kafin ya ba ni mabuɗin. Su nasu lissafin a fili yake: ƙarfe kuɗinsa daban, jan ƙarfen waya daban, sai koren farantin ciki da suke kira fanel, shi ma daban, saboda ɗan ruwan zinariyar da ke bakinsa. Sun taya duka jika arba'in da biyar. Na roƙe shi ya ba ni mako guda. Ya ce, "Na ba ka, amma in gara ta ci ƙarhe kai ka biya."

Da dare na hau tudun da ke bayan gari, inda rezo ke kamawa, na riƙa shigar da sunayen da Kawu ya rubuta a jikin jaridun nan. Wallahi ban san akwai irin wannan duniyar ba. Ashe a Turai da Amurka da Japan akwai dubban mutane masu irin ciwon Kawu, sai dai su ba a ce musu mahaukata. Suna da kasuwanninsu da bukukuwansu da gidajen tarihinsu. A 2014 an yi gwanjon wata Apple-1, ɗan farantin da aka haɗa a 1976, ko akwati ba ta zo da shi ba, gidan tarihin Henry Ford ya saye ta dala dubu 905. Na karanta adadin sau uku, na fara juya shi zuwa sefa, na bari don kar kaina ya yi ciwo. Ba mu da Apple-1, kar ku ɗaga rai. Amma abin da muke da shi ma ba tarkace ba ne.

Mu ƴan zamanin waya mun saba da na'ura a liƙe ruf, in wani abu ya lalace sai a canja ta gaba ɗaya. Kwamfutar da ba haka take ba. Lokacin da IBM ya fitar da PC ɗinsa ranar 12 ga Agusta 1981, ya bar gurabe biyar a jere a kan babban farantin ciki, kamar mai gida da ya kewaye fili ya bar wurin ƙara ɗakuna. Kana son hoto ya fito a allo, ka sayi kati ka cusa. Kana son firinta, kati. Kana son faifan ajiya, kati. Da farko na'urar ba ta iya komai da sauti sai "tiit", sai da katunan sauti suka zo, irin Sound Blaster na kamfanin Creative na Singafo, wanda ya fito a 1989. A 1996 kamfanin 3dfx ya fito da Voodoo, katin da ya sa wasannin kwamfuta suka yi zurfi kamar za ka shiga ciki. A ƙarshen 2000 kamfanin ya durƙushe, Nvidia ya sayi abin da ya rage. Yaran da suka yi kwaɗayin waɗannan katuna iyayensu suka hana su, yau sun zama dattawa masu albashi, kuma babu wanda ke ƙera katunan. Shi ke nan asirin farashin. A kwalayen Kawu na samu Sound Blaster har huɗu, da Voodoo2 guda, da katunan hoto da na modem da ban ƙirga ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya, har yanzu bai wuce ba. Yawancin waɗannan kaya a matsayin shara suka shigo mana. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka a Ikko kowane wata, kuma masu sana'ar da kansu sun ce har kashi uku cikin huɗu na iya zama matattu. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Bamako cewa ba sa son a mai da su juji, amma jiragen ruwa ba su fasa ba. Sun zubo mana, mun biya kuɗin mota mun kwaso, mun ajiye shekara ashirin cikin ƙura da zafi. Yanzu kuma sun tuna suna so. Ban ce kar a sayar musu ba, ni ma ga shi na sayar. Kawai dai a san wa ya yi gadi.

Wani abokina da muke jami'ar Tawa tare ya haɗa ni da wani Alhaji a Kano da ke wannan harka. Shi ba ya awo da sikeli. Hoto yake so, gaba da baya, da lambar da ke jikin kowane kati. Na tura masa ta WhatsApp. Ya yi shiru kwana biyu, sai ga muryarsa: "Ɗan'uwa, akwatunan nan ba su da hanya yanzu, ka san halin da ake ciki. Ka ciro min katunan duka, kar ka bar ko ɗaya, zan ba ka abin da masu bola ba za su ba ka ba." Gaskiya ya faɗa game da hanya. Watan Oktoban 2023 ne, iyaka na rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Akwatin ƙarfe ba ya ɓuya a kan babur, amma kati ashirin za su shige jakar goyo. Ya taya jika tamanin da biyar, ko kwatankwacinsu a naira. Taubashina da ya ji sai da ya cire hula ya ce daga yau ya ƴanta ni.

Washegari na zauna da turnabis ina kwance su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ita ce ta can ƙasa, wadda aka fi naɗewa, har da bargo. Ita ce ta farin, wadda ta sa kakarmu kuka. Olivetti M24, ƙirar Italiya, mai Intel 8086 a ciki; a Amurka kamfanin AT&T ya sayar da irinta da sunan 6300 daga 1984. Na buɗe murfin. A cikin katunan akwai wani dogo da igiyoyi biyu masu faɗi suka fito daga jikinsa suka shiga wani tubalin ƙarfe mai nauyi, an rubuta Seagate ST-225. Shi ne faifan ajiyar, diskidir kamar yadda muke faɗa. A jikin katin Kawu ya manna ƴar takarda da salatif, ya rubuta da manyan baƙaƙe: KAR A RABA SU.

Na ajiye turnabis. Na sake hawa tudu a daren na bincika. Ashe faifan wancan zamani ba shi da wayon kansa kamar na yanzu. Katin ne ke shata masa layuka tun ranar farko, da salon da shi da ire-irensa kaɗai suka gane. In ka cire katin ka sa wani iri daban, faifan na nan lafiya lau, abin da ke ciki na nan, amma na'urar za ta ce maka ba ta ga komai ba. Katin da Alhaji zai ba mu ƴan jikkuna a kansa, shi ne mabuɗin duk abin da Kawu ya buga a shekara goma sha wani abu.

Na faɗa wa Inna ne don hira kawai, muna cin tuwo. Sai na ga ta tsame hannu. Ta ce, "Kana nuhin takardun da yab buga ma mutane suna nan ciki?" Na ce mai yiwuwa. Ta ce, "Har ta gonar fadama?"

Wannan gona ita ce ƙayar da ke ƙafar gidanmu tun ina yaro. A 1998, bayan daminar da ba ta yi kyau ba, Baba ya jinginar da ita ga wani mai hali na garinmu. Ku da kuka tashi a birni, jingina ba sayarwa ba ce: mai kuɗi ya riƙe gona yana nomawa yana ci, ranar da aka mayar masa da kuɗinsa ya saki, ko bayan shekara nawa ne. Baba ya rasu ina ɗan shekara biyar. Mai kuɗin ma ya rasu. Ƴaƴansa suka tashi suka ga ubansu na noman wurin tun suna ƙanana, suka ce saye ne. Takardarmu kuwa gara ta cinye ta tare da akwatin auren Inna. Sau biyu yayana na zuwa da maganar, sau biyu ana ce masa ya kawo shaida. Inna ta tabbata jika sittin ne, kuma a shagon wanta aka buga takardar. Na tambaye ta me ya sa ba ta sa Kawu ya sake bugo ta ba tun yana da rai. Ta ce ta yi masa magana ba sau ɗaya ba, kullum sai ya ce na'urar ba ta da lafiya.

To, tada na'urar da ta yi shekaru tana barci ba wasa ba ne. Na fara tunanin kai ta Buza, na fasa. Irin wannan faifan ana so a ba shi umarni ya janye allurarsa gefe kafin a motsa shi, kuma hanyarmu kun san ta, ko ƙwai a cikin gero sai an yi addu'a. Ga shi kuran ɗin Buzan ma ba tabbas a lokacin, tunda Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Sai na je wurin mai cajin waya na bakin kasuwa, na roƙe shi aron batir biyu na sola da inbata, daga bayan isha'i zuwa asuba. Ya ce in wani abu ya ƙone fa? Taubashina ya ce ya riƙe akuyarsa.

Na kwana biyu ina share ƙura da burushin fenti. A kan farantin akwai ɗan batirin agogo da ya zubar da wani koren gishiri ya fara cin layukan kusa da shi. Na yanke shi na goge wurin. Allon kallonta ma nata ne na kanta, daga jikinta yake shan wuta ta wata igiya mai baki 25, ba za ka ɗauko wani allo ka jona ba. Da a ce ƴan gwangwan sun fasa shi don jan ƙarfe, da magana ta ƙare.

Daren da muka kunna mu biyar ne a ɗakin: ni, taubashina, yayana, mai caji da ya biyo batirinsa, sai Inna a bakin ƙofa da carbi. Na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya. Wani wari ya taso kamar an ƙona gashi, mai caji ya miƙa hannu zai fizge waya, na riƙe shi. Allon ya yi kore a hankali, rubutu ya fara sauka layi-layi, tana gwada sassan jikinta. Faifan dai shiru. Na kashe. Na karanta cewa in irinsa ya daɗe a ajiye yakan liƙe, sai an ɗan murɗa shi a hannu. Na kwance shi, na riƙe shi kamar faranti, na juya shi sau ɗaya da sauri, gabana na faɗuwa. Na mayar na kunna. Sai muka ji wani kuka siriri yana hawa, kamar jirgi daga nesa, sannan ƙaf-ƙaf-ƙaf. Harafin C ya fito da ƴar alama tana ƙiftawa. Taubashina ya ce, "Lahaula. Tsoho na nan."

Megabait ashirin ne duka faifan. Hoto biyar ko shida na wayar da ke aljihunka sun cika shi. Amma da na buga DIR sai sunaye suka riƙa gudu ba iyaka. Fayil ɗari shida da ɗoriya, kowanne sunansa bai wuce harafi takwas ba, don haka tsarin MS-DOS yake. Kwanan watan da ke gefensu bai taimaka ba, saboda agogon wannan na'ura ba ya ƙirga shekara ta wuce 1991, sai ya koma baya. Sai da na gane dabarar Kawu: haruffa uku na sunan gari, sannan na mutum. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ga ALK da sunan Baba. Guda biyu.

Na buɗe ta farko. Da Faransanci take, na riƙa fassara wa Inna. Watan Maris 1998, gona kaza, iyakarta gabas da yamma, an ba da ita jingina, ba sayarwa ba, a kan sefa 60.000. Shaidu huɗu da sunayensu. Inna ta ce Alhamdu lillahi har sau uku, yayana ya buga cinya. Ni kuwa idona na kan ta biyun, na riga na buɗe ta, na riga na karanta, ina neman yadda zan yi in ce batir ya ƙare.

Watan Fabrairu 2003. Baba ya dawo daga Kodebuwa hannu wofi, bayan yaƙin da ya ɓarke can a Satumban 2002 ya watsa ƴan biɗa da yawa na ƙasarmu. Ya koma wurin mutumin nan ya karɓi ƙarin sefa 140.000 a kan gonar dai. Jingina ce har yanzu, an rubuta a fili. Amma bashin ya zama jika ɗari biyu. Shaidu uku, na ukun Kawu ne da kansa.

Inna ta ce, "Karanta mini, na ga bakinka na motsi." Na karanta. Ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba. Sannan ta ce, "Shekarar da anka haihe ka ce. Da su anka yi suna, da su munka ci har kaka. Ni ina cewa guzurin Abijan ne." Ta tashi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, ba da mu take ba, "Yaya, ashe na'urar lahiyarta lau." Ta shige ɗakinta.

Na daɗe ina juya wannan abu. Wani lokaci in ji haushin Kawu: shekara ashirin yana kallon ƙanwarsa tana rantsuwa a kan jika sittin, bai ce uffan ba. Wani lokaci in ce amana aka ba shi, mijin ƙanwarsa ya roƙe shi ya rufa masa asiri, ya rufa har kabari. Amma da yana son maganar ta mutu, umarni ɗaya ya isa ya goge fayil ɗin, ya fi kowa sani. Bai goge ba. Ya naɗe na'urar da bargo, ya manna takarda a jikin katin.

Rubutun da ke kan allo ba shi da sa hannu, ba shi da dangwale, alƙali ba zai karɓe shi ba. Amfaninsa sunayen shaidu. Cikin bakwai ɗin mutum ɗaya ke raye, wani tsoho da ya koma wajen ɗiyarsa a Tabotaki, wanda ba wanda ya taɓa tunanin yana wurin. Yayana ya ɗauko shi a babur. A gaban hakimi na karanta takardun biyu daga hoton da na ɗauka da waya, ban ɓoye ta biyun ba, ko da yake wani daga cikin danginmu ya ba ni shawarar in ɓoye. Tsohon ya ce haka aka yi, har ya tuna ranar kasuwar Buza ce. Babban ɗan mai kuɗin ya sunkuyar da kai ya ce shi bai taɓa ganin takarda ba, abin da ya taras ke nan. Tunda ga shaida, a kawo jika ɗari biyu bayan an cire amfanin bana. Ina ganin da mun zo da ta farkon kaɗai, da ba a rabu haka ba, don a cikin littafin ubansa akwai adadin, ya faɗa daga baya.

Katunan sauran na'urorin sun tafi Kano cikin jakar wani ɗan kabu-kabu, kuɗin suka zo, magada suka raba. Akwatunan da suka rage babu komai ciki ƴan gwangwan suka auna. Ban ji daɗin ganin ana fasa allunan nan da guduma a ƙofar gida ba, amma ba ni da bakin magana, ba ni da wurin ajiya, kuma marayu na bukatar hatsi.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris 2024 Alhaji ya dawo da magana. Ya ga hoton Olivetti tana aiki, da allonta da madannanta na asali, ya ce yana da mai so a waje. Jika ɗari da hamsin, shi zai aiko a ɗauka. Taubashina ya same ni ya ce, ba da wasa ba wannan karon, "Mun yi shawara da ƙannena. A saida ta a hanshi gonar Inna. Tsoho ya ci bashinta, shi biya." Yayana ya tara jika talatin da biyar daga aikin albasa a Galmi. Ku haɗa lissafin ku gani, saura ƙiris.

Ni ne na tsaya. A cikin faifan nan ba takardunmu kaɗai ba ne. Akwai jinginar gonakin mutanen Allakaye da Tama da Karofan da garuruwan da ban taɓa takawa ba. Akwai rabon gado. Akwai wasiƙun mata zuwa ga mazajensu, waɗanda na buɗe biyu na rufe don kunya. In na sayar da ita yadda take, na miƙa asirin mutane ɗari ga baƙon da zai kunna ta yana ɗaukar bidiyo. In na goge, wata Innar na can tana rantsuwa ba ta da shaida. Tun da labarin ya bazu mutum tara sun zo gidanmu, uku mun samo musu, ɗaya ya yi da-na-sanin zuwa.

Hanyar kwashe su da sauri tana bukatar igiya da disket masu faɗi da ba mu da masu kyau. Waɗanda ke kwalin Kawu duk sun yi fumfuna. Don haka duk hutun da na zo gida sai in ari batir, in buɗe fayil, in ɗauki hoton allo da waya, in sauka ƙasa, in sake ɗauka. Na jingina da na gado kawai nake ɗauka, wasiƙu ina tsallakewa. Batir na ba ni awa uku in an yi rana sosai. Na ce wa Alhaji ya ba ni zuwa ƙarshen shekara. Ya ce mai sayen ba zai jira har abada ba. Na ce wa Inna ta yi haƙuri da damina ɗaya. Ta ce ta yi ashirin da biyar, amma in sani ba ta ƙara ƙuruciya.

Na kai fayil na 214. A hutun da ya wuce faifan ya fara wani sabon ƙara da ban san shi da shi ba, kamar ana jan kujera a siminti, kuma sau biyu yana ce mini ya kasa karanta wani wuri. Ranar Alhamis zan koma gida, na riga na aika wa mai caji ya ajiye mini batir.